Haliru Mai Kwalabe

Duk wanda ya daɗe a Ƙofar Sauri ya san Haliru Talle, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan siriri mai tsohon keke, wanda yake fita tun ana ɗumamen tuwo, makullai suna ƙara a aljihun rigarsa. A unguwa Malam Haliru ake ce masa. A makarantar da ya yi wa aiki shekara talatin da biyar kuwa sunansa Haliru Mai Kwalabe, domin abin da aka ɗauke shi yi ke nan: wanke kwalabe da sharar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo.

Ba haka ya so ba. Mahaifinsa Talle tela ne a Ƙofar Durbi, kuma shi ya kai shi boko da hannunsa. Haliru yana aji uku na sakandare idanun tsohon suka fara dushewa, har ta kai ba ya iya zura zare a allura. Haliru ne babba, sai ya ajiye littafi ya hau keken ɗinki. Shekara biyar yana fama, ɗinki bai karɓe shi ba. Ranar da ya yi wa wani Alhaji rigar Sallah hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, uban da kansa ya ce a nema masa wani abin yi tun bai kore masa sauran mutane ba. Wani kawunsa ya yi ta shiga da fita har aka samo masa aikin makarantar nan a shekarar 1989.

A nan ya haɗu da Malam Sagir, malamin kemistiri, wato ilimin sinadarai. Gajere ne mai faɗa, wanda ba ya dariya sai ɗaliba ta ba shi amsa daidai, ita ma dariyar rabi ce. Wurin zaman Haliru wata kujera ce marar jingina a ƙarshen ɗaki, kusa da famfo. Kowane aji kashi uku ne, saboda haka darasin da ɗaliba za ta ji sau ɗaya a rayuwarta, shi yana jin sa sau uku kowace shekara. Hannunsa yana cikin kumfa, kunnensa yana wajen allo.

Darasin da ya fi shiga ransa shi ne na daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Malam Sagir yakan ce kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, ƙwayoyin zarra. Idan abu biyu suka haɗu suka zama wani abu dabam, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓacewa, kuma ba a samun sabuwa daga sama. Abokan zama kawai suke sakewa. Don haka in ka rubuta abin da ya shiga a hagun kibiya, ka rubuta abin da ya fito a damanta, dole adadin kowace irin ƙwaya ya zo ɗaya a ɓangaren biyu. Sai ya buga allo da bayan hannu ya ƙara da cewa lambobi iri biyu ne. Ƙaramar da take maƙale a gindin harafi ita take faɗin ko mene ne abin, ba a taɓa ta. Babbar da ake sa wa a gaba ita take faɗin guda nawa ne, ita kaɗai aka yarda ka canza.

Wata rana Malam Sagir ya rubuta lissafin tsatsar ƙarfe a allo, bai kai ga warware shi ba aka aiko kiransa ofis, aka kuma kaɗa ƙararrawar tashi. Haliru ya zo goge allo, ya tsaya yana kallo. Fe + O₂ → Fe₂O₃. Oksijin biyu a hagu, uku a dama. Ya ga cewa sai a shida za su haɗu, ya sa uku a gaban na hagu, biyu a gaban na dama. Ƙarfen dama ya koma huɗu, ya sa huɗu a gaban na hagu. Yana ajiye alli ya ji tari a bayansa.

Malam Sagir bai yabe shi ba. Ya dubi allon, ya dube shi, ya tambaye shi a aji nawa ya tsaya. Washegari ya jefo masa wani tsohon littafi marar bango, ya ce ya je ya zauna jarrabawar kammala sakandare tare da 'yan waje, ya daina ɓata kansa. Haliru ya ce to. Shekarar nan ya auri Rakiya, ya ce sai baɗi. Baɗi aka yi haihuwa. Daga nan jinyar mahaifinsa, daga nan ginin ɗaki, daga nan aurar da ƙanne. Shekara ashirin da biyu suka yi tare, kusan kowace shekara sai Malam Sagir ya yi masa maganar, shi kuma ya ce in sha Allahu. Har malamin ya yi ritaya, bai cika shekara biyu a gida ba Allah ya yi masa rasuwa. Wannan sakaci Haliru bai taɓa ɗora wa kowa shi ba sai kansa, shi ya sa ma ya fi ci masa rai.

Bayan Malam Sagir makarantar ta daɗe ba ta samu tsayayyen malamin kemistiri ba. 'Yan bautar ƙasa ake turowa. Wani ya iya, wani bai iya ba, wani ya iya amma ba ya jin Hausa, 'yan matan kuma Turancinsu bai kai ya kawo ba. Kafin a saba da mutum shekararsa ta cika ya tafi. Gas ɗin ɗakin ya ƙare ba a sake cikawa ba. Sinadarai suka dunƙule a kwalabe. Haliru ya ci gaba da wanke abin da ba wanda ya ɓata.

A shekarar 2016 aka turo Malam Mudassir, matashi mai tsabta da fara'a, da takardar digiri. Haliru ya yi murna, har ya gaya wa Rakiya cewa an samu malami. Murnar ba ta wuce mako uku ba.

Ranar da Malam Mudassir ya zo kan daidaita lissafi a ajin farko, ya rubuta haɗuwar da take ba da ruwa: H₂ + O₂ → H₂O. Ya nuna wa ɗalibai cewa oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Har nan daidai. Sai ya ɗauki alli ya ɗiga ƙaramin biyu a gindin O na dama, abin ya koma H₂O₂, ya ce to ga shi ya daidaita. 'Yan mata sittin suka duƙa suka kwafe.

Haliru ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya daure har aka fita, sannan ya same shi shi kaɗai, ya gaishe shi da ladabi, ya ce akwai ɗan abin da ya gani a allo, wataƙila alli ne ya zame. Ya fara bayani ke nan Malam Mudassir ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, kowa da aikinsa. A ci gaba da wanki."

Washegari malamin ya maimaita abin nan a aji na biyu, harafi da harafi. Haliru yana bakin famfo, ya ce wa kansa ba ruwansa. Ya wanke kwalba ɗaya sau uku. Da ya ga yara sun fara kwafa, sai kawai ya ga ya miƙe. Ya ɗebo ruwa a kofin gilashi, ya buɗe akwatin ba da agajin gaggawa ya ɗauko kwalbar ruwan wanke ciwo, irin mai kumfa in an zuba a gyambo. Ya taka har gaban aji ya ajiye su a teburin malam.

"Malam, wanga shi ne H₂O, ruwan sha. Wanga kuma shi ne H₂O₂ da ka rubuta. In duk ɗaya ne, bisimilla, a kurɓa."

Wata ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Tun da ya riga ya tsoma ƙafa, Haliru ya ɗauki alli ya goge ƙaramin biyun. Ya sa babban biyu a gaban H₂O, ya ce yanzu oksijin ya zama biyu da biyu, amma haidirojin ya koma huɗu a dama. Ya sa biyu a gaban H₂ na hagu. Ya ce su ƙirga da kansu. Suka ƙirga da ƙarfi: huɗu da huɗu, biyu da biyu. Ko minti biyu abin bai ɗauka ba. Da ya juyo, Malam Mudassir ya riga ya fice.

Kafin azahar shugabar makarantar, Hajiya Lailatu, ta aiko kiransa. Mace ce mai kirki, ta san shi tun tana ƙaramar malama. Ta bar shi a tsaye ta gama sa hannu a takardu, sannan ta cire tabarau. Ta ce ta tambaya, an tabbatar mata shi ne mai gaskiya. Ta ce amma ya kunyata malami a gaban ɗalibansa, kuma in labari ya kai ma'aikata cewa mai shara ne yake riƙe alli a makarantarta, ita za a tuhuma.

"Hajiya, to a bar ɗiyan mutane su tafi da kuskure?"

"Malam Haliru, a takarda mi kake?"

Hukuncin da ta yanke shi ne, daga ranar, in ana darasi ya shirya kaya ya fita waje, sai an gama ya dawo.

Da kora aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Akwai wata bishiyar bedi daidai tagar ɗakin, nan ya koma zama a kan benci. Daga nan yana jin komai, ba ya iya cewa komai. In malamin ya yi kuskure sai ya tashi ya zagaya bayan ajujuwa ya dawo. A gida ya zama mai saurin fushi. Rakiya ta ce masa tun da ba shi ya haifi kemistiri ba, ya bar shi ya mutu mana. Ya ce ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, shekara ashirin da bakwai tana jin sunan oksijin a gidan nan kamar wani ɗan'uwansu.

Ana nan, wata Asabar bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Ya fito ya ga Malam Mudassir riƙe da babur. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda kowa yake jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Da suka zauna a zaure, saurayin ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Shi labarin ƙasa ya karanta a jami'a. Rabonsa da kemistiri tun sakandare, shi ma da ƙyar ya tsallake. Da aka turo shi aka ce gurbin da yake akwai ke nan, ko ya karɓa ko a ba wani, ga shi da mata da jariri. Kullum sai ya haddace shafi ya zo ya juye, in an yi masa tambaya gabansa ya yi ta faɗuwa.

Haushin da Haliru ya yi wata biyu yana tarawa ya rasa inda zai sauke shi. Ya shiga gida ya fito da wani gwangwani cike da murafan kwalaben lemo da ya daɗe yana tsinta, ya zube su a tabarma. Ya ce jajaye oksijin ne, farare haidirojin, baƙaƙe kabon. Ya ja layi da yatsa a tsakiyar tabarma. Ya jera baƙi ɗaya da farare huɗu, ya ce wannan uwar gas ɗin girki ce, a ƙona ta da oksijin. Sharaɗi ɗaya ne: duk murfin da ya tsallaka layi sai an ga inda ya zauna, ba a sa ko ɗaya a aljihu, ba a kuma ƙara wani a dama wanda bai fito daga hagu ba. Malam Mudassir ya yi ta turawa yana dawowa da su. Can ya ga farare huɗun nan ruwa biyu za su bayar, ruwa biyu suna neman ja biyu, baƙin kuma yana neman nasa biyu, ke nan ja huɗu, wato oksijin tagwaye sau biyu. Ya ɗago yana dariya kamar yaro, ya ce ashe abin ƙirga ne kawai. Haliru ya ce ƙirga ne, amma da amana.

Haka suka yi shekara biyu, kowace Asabar, ba wanda ya sani a makaranta sai su biyu. Saurayin yana da kai, kuma ba ya girman kai in su kaɗai ne. Sannu a hankali abin da yake fitowa ta tagar nan ya daina yi wa Haliru ciwo. Sai dai wani ciwon ya maye gurbinsa. Yana zaune a gindin bedi zai ji misalansa, da kalmominsa, har da inda yake ɗan dakatawa kafin ya yi tambaya, duk suna fitowa daga bakin wani.

Wannan ne ya tunzura shi ya yi abin da ya ƙi yi tun Malam Sagir yana da rai. Yana da shekara hamsin ya yi rajistar jarrabawar 'yan waje. Niyyarsa ya samu sakamako, ya shiga kwalejin horon malamai ta ƙarshen mako, ko shekara uku ce ya riƙe alli da izini kafin ya yi ritaya. Ranar farko mai gadin zauren jarrabawa ya tare shi ya ce iyaye a waje suke jira. Sai da ya nuna katinsa mai hoto, aka kira mai sa ido, shi ma ya duba katin ya duba furfurar, sannan aka bar shi ya zauna a tsakiyar sa'o'in 'ya'yansa.

Sakamako ya fito. Kemistiri ya samu maki mafi girma da ake bayarwa. Lissafi ya ci. Turanci ya faɗi warwas. Turancin littafin kimiyya yana karanta shi kamar ruwa, amma an ce ya rubuta wa abokinsa na ƙasar waje wasiƙa ya ba shi labarin yadda ya yi hutu, shi da bai taɓa wuce Zariya ba. Ba Turanci kuwa ba kwaleji. Ya sake zama a shekara ta biyu, ya faɗi. A ta uku 'yarsa ta fari, wadda take koyarwa a firamare, ta yi wata huɗu tana yi masa bita, yana zaune a gabanta kamar ɗalibi tana gyara masa zubin jimla. Maki kaɗan ya rage masa. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin katifa. Da Rakiya ta tambaye shi ko zai sake, ya ce ko ya ci yanzu, kafin ya gama kwaleji ritaya ta cim masa. Sai ta tura masa kwanon fura.

Makarantar kuwa sai ta fara suna a kemistiri. Shekara uku a jere 'yan matan suna cin jarrabawar fiye da makarantun da suke da gas da sababbin kaya. A 2022 wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta shirya bikin karrama malamai a wani zauren taro a GRA, aka sa sunan Malam Mudassir. Ya zo har gida ya roƙi Haliru ya halarta, ya ce akwai abin da yake so ya faɗa a gaban jama'a, ya gaji da ɓoyo.

Haliru ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya bar keke a gida ya hau a-daidaita-sahu. A bakin ƙofa masu tsaro suka nemi katin gayyata. Ba shi da shi, Malam Mudassir ya manta kati ɗaya aka ba shi. Ya ce shi ma'aikacin makarantar ne. Aka tambaye shi ko malami ne. Da ya ce eh da ya wuce, don ba wanda zai bincika. Bakinsa ya ƙi. Ya ce a ɗakin gwaje-gwaje yake aiki. Aka ce ya koma gefe kada ya tare wa manyan baƙi hanya. Ya kira wayar Malam Mudassir sau huɗu, tana kashe. Ya tsaya a rana kusan awa ɗaya yana jin tafi daga ciki, sannan ya juya ya kama hanya da ƙafa.

Daga baya ya ji cewa Malam Mudassir ya cika alkawari. Ya karɓi lambar yabo, ya ce duk abin da ya sani mutum ɗaya ne ya koya masa, ya kira sunan Haliru Talle sau biyu ya ce ya miƙe a gan shi. Mutane suka yi ta waige-waige. Da ba wanda ya tashi, mai gabatarwa ya ce Allah ya saka wa Farfesa Talle da alheri duk inda yake, aka wuce zuwa na gaba. Da yamma saurayin ya zo gida kamar zai yi kuka, ya ajiye masa lambar a tabarma ya ce tasa ce. Haliru ya ce ya ɗauki abarsa, sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Ya faɗi haka ba da faɗa ba, amma kwana uku bai ci abincin kirki ba.

Abu ɗaya ya canza. Ranar Litinin Hajiya Lailatu, wadda take zauren ta ji komai, ta wuce ta gindin bedi ta tsaya. Ta ce rana ta yi zafi, ya koma ciki ya zauna. Ba ta ce ya koyar ba, shi ma bai tambaya ba. Ya koma kujerarsa ta bakin famfo. In Malam Mudassir ya ba da aikin aji, Haliru yakan zagaya tsakanin tebura da tsumma a hannu kamar mai goge-goge, in ya ga yarinya ta kai alƙalami gindin harafi sai ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa ya wuce.

Ya yi ritaya a 2024, a matakin da bai yi nisa da wanda aka ɗauke shi ba. Wanda aka turo ya gaje shi wani magidanci ne, Nasiru, da can direban ma'aikata ne ciwon baya ya hana shi tuƙi. Haliru ya yi kwana biyu yana zagayawa da shi, yana nuna masa kwalbar da ba a buɗewa kusa da wuta, da wadda ba a zuba wa ruwa sai dai a zuba ta cikin ruwa a hankali, da biyun da ba a ajiye su a kanta ɗaya. Nasiru ya saurara iyakar ƙoƙarinsa, daga ƙarshe ya ce gaskiya kansa ya ɗauki zafi, a rubuta masa. Haliru ya sayi littafi mai shafi arba'in ya cika shi da Hausa, ya kai masa. Bayan wata guda ya leƙa makarantar, ya tarar an tokare ƙafar wani tebur mai girgiɗi da littafin. Ya duƙa ya zaro shi, ya kakkaɓe, ya nemo guntun katako ya sa a wurin. Ya miƙa wa Nasiru littafin a hannu, ya ce don Allah ko shafi na bakwai kaɗai ya karanta, shi ne na abin da zai iya ƙona mutum.

Yanzu yana gida. Ƙafa ta fara ba shi matsala, ya rage hawa keke. Rakiya ta ce tun da ya bar aiki ya fi da faɗa, ko gishiri ta zuba a miya sai ya tambaye ta cokali nawa.